Igiyar Goggo Jaratu

A ranin shekarar da Nasara suka shiga babban yaƙinsu na biyu, gardi biyu, dogaran Nasara, suka zo Tabotaki daga Madawa da takarda a hannu, suka tafi da maza bakwai aikin soja. Shida daga cikinsu danginsu ne suka yi kukansu. Na bakwai, Altine, gari duka ya yi kukansa, domin shi ne mai riƙe wa Illa igiya. Illa kuwa yana tsakiyar gina sabuwar rijiyar gari, ya kai gaba goma sha takwas bai ga ruwa ba tukuna.

Wanda bai taɓa tsayawa bakin rijiyar da ake ginawa ba zai ɗauka riƙon igiya aikin ƙarfi ne. Ba haka ba ne. Masu ja daban suke, ƙarti huɗu ko biyar, kuma ko wa aka samu ya yi. Mai igiya shi ne wanda ke zaune gindin turke, igiya ta zagaye turken ta bi ta tafin hannunsa ta sauka rami. In rami ya yi zurfi, maganar mai gini ba ta fitowa sai gunji, don haka da igiya yake magana. Ja ɗaya, a ɗauke kwandon ƙasa. Ja biyu, a sako. Ja uku, a fitar da shi yanzu yanzu, ko gefen rami ya soma zuba ko numfashi ya ƙi. In mai igiya bai ji ja ukun nan ba, sai dai a je a kira Liman.

Illa na da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Tukur. Magidanci ne mai ƴaƴa huɗu, ga ƙirji ga damtse, ga fara'a. Ba a suna ko biki a Tabotaki ya yi armashi in ba ya wurin. Kuma yana son wansa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Tun ranar da aka tafi da Altine ya shiga gari yana faɗa wa kowa cewa daga yau ran Illa na hannunsa, ba zai sake barin bare ya riƙe wa ɗan'uwansa igiya ba. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa a mahauta, ya tare wasu Buzaye masu wucewa da raƙuma waɗanda ba su san Illa ba ya faɗa musu.

Sai dai masu ginin rijiya na wannan yanki suna da al'adarsu. Ba a miƙa wa mutum igiya sai ya zauna wa Goggo Jaratu. Tsohuwa ce ƴar ƙarama, haƙori uku suka rage mata, gidanta na can ƙarshen gari ta hanyar kasuwa. Ubanta magini ne, mijinta magini ne, ta wanke gawar mutum biyu na gidansu da rami ya rufta da su. Ba duba take yi ba, ba ta buga ƙasa, ba ta da iskoki ko da yake kakanninta sun yi. Hali take gwadawa, da igiyar kaba guda ɗaya.

Kuma tana da doka wadda ta fi gwajin ba mutane haushi. Abin da ta gani wanda aka gwada kaɗai take faɗa wa. Ba ta faɗa wa wanda ya aiko shi, ko matarsa, ko ubansa. Shi zai ɗauki abinsa ya je ya faɗa ko ya ɓoye. Maiguwa ya taɓa zuwa da kansa yana son jin labarin wani ɗan ƙanensa, ta shimfiɗa masa tabarma, ta tambaye shi lafiyar kowa a gidansa har da jaki, ya tashi bai samu komai ba. Yadda take faɗar ma ba iri ɗaya ba ne. Mai zafin rai sai ta ciyar da shi ya ƙoshi tukuna. Mai raunin zuciya sai ta ja shi suna tafe suna hira, ta saka maganar a tsakiya kamar ba komai. Alƙasim, wani manomi shiru-shiru da mutane ke cewa ko gaisuwa nauyi take masa, shi ma an tura shi a satin nan don a samu na ajiya. An ce kalma ɗaya ta yi masa ya tashi.

Ranar kasuwa ta kira Tukur. Ta zaunar da shi gindin aduwa a wajen katangarta, daidai inda hanya ta bi. A jikin katangar akwai ƴar kafa, bakin igiya ya leƙo ta ciki.

"Riƙe wagga," in ji ta. "In ka ji an ja sau ukku, ka jawo da ƙarhi."

"Yaushe za ki ja, Goggo?"

"Rami na hwaɗi yaushe za shi zuba?"

Ta shige gida, ta ɗaura ɗaya bakin a babban yatsan ƙafarta, ta ɗauki mazarinta ta kama kaɗi.

A yi masa adalci, da farko ya yi abin kirki. Ya riƙe da hannu biyu, ya haɗe rai, masu wucewa na gaishe shi yana amsawa da ka. Sai ga Sabuwa mai fura, ta sauke ƙwaryarta a inuwar aduwa don ta huta. To, ba a shan fura da hannu biyu a ɗaure, sai igiya ta koma hagu. Sai ga Ɗanasabe dillalin awaki daga Buza, wai ya ga wanda ya ga su Altine an sa musu jar hula. Labari irin wannan sai da hannu biyu ake tambayarsa, sai igiya ta koma ƙarƙashin ƙafa. Ana cikin haka bijimin wani Bafillace ya tsinke daga kasuwa ya nufo hanya, ga wata makauniya a tsakiyar hanya tana laluben gefe da sanda. Tukur ya tashi zumbur, ya ɗora dutse a kan igiya, ya ruga. Ya janye makauniyar, ya taya aka kama bijimi. Da aka kama kuma ai sai an tsaya an bayyana wa waɗanda ba su gani ba yadda aka yi.

Daidai lokacin Goggo Jaratu ta ja sau uku. Igiya ta sulluɓe daga ƙarƙashin dutse ta shigo mata gida gaba ɗaya kamar maciji. Ta dube ta, ta yi tsaki, ta sake zura bakin ta kafa ta koma kaɗinta.

Tukur ya dawo yana haki, ya ga igiyarsa kwance kusa da dutse, ya ɗauka. Bai lura da komai ba. Can wajen azahar ya ji ja uku, ya fizga da ƙarfin da ya kusa tafiya da yatsan tsohuwa.

"Madalla," in ji ta daga ciki. "Gobe da hantsi ka zaka, mu yi magana."

Ya koma gida yana tafiyar wanda ya ci kokawa. Matarsa Kaltuma ta yanka zakara.

Goggo Jaratu kuwa ta daɗe tana juya abin. Ta san Tukur tun yana tsirara. In ta zaunar da shi ta ce ka saki igiya, zai ce bijimi ne. In ta ce kafin bijimi fa, zai ce ƙafarsa na kai. Kafin ta rufe baki ya kawo dalili goma, kowanne da daɗin ji, ƙarshenta ita za ta ba shi haƙuri. Irinsa ba a faɗa masa magana ta kunne.

A bayan gidanta akwai wata busasshiyar rijiya da mijinta ya soma ya bari, gaba huɗu, ya ci karo da dutse. Da hantsi Tukur ya iso ya same ta tsaye bakin ramin tana tafa hannu.

"Ɗana, kazata ta hwaɗa. Hiddo min ita tukun, kana mu zamna."

Ya leƙa, ga kaza can ƙasa tana tsattsage abinta cikin kwanciyar hankali. Bai tsaya ya tambayi kansa yadda kaza ta faɗa gaba huɗu ko gashi bai tashi ba. A kwando aka saukar da ita, amma wannan sai daga baya ya gane. Ya ga igiya ɗaure a turke, ya kama ya sauka yana dogara ƙafa a gefe.

"In ka kama ta, ja sau ukku in sani," in ji tsohuwa.

Ya kama kaza bayan sun zagaye ramin sau shida, ya cusa ta cikin riga, ya ja sau uku. A ja na ukun igiya duka ta zubo masa a ka.

Ya yi dariya. Ya kira Goggo, shiru. Ya sake kira. Sai ya ji murya a sama, can gefe, murya mai kauri irin ta tsohuwa mai kwaikwayon namiji.

"Sabuwa, wagga hura taki yau ta ji nono. Ƙara min ludayi guda."

Sai siririyar murya ta amsa, "Kai da anka ba riƙon igiya?"

"Hannu guda ya isa. Ni da kika gani, ko barci nika yi ina jin igiya."

Tukur ya daina dariya. Babu kowa a gidan sai ita, ita kaɗai ke yin muryoyin duka. Ta yi Ɗanasabe da jar hular Altine. Ta yi shi Tukur yana tambaya ko an ba su bindiga, ko ana ba su nama, ko gaskiya ne jirgi na tafiya bisa ruwa ba a tuƙawa. Ba ta tsallake kalma ɗaya ba, har inda ya yi gyatsa. Sannan ta yi ihun bijimi, ya ji takun ƙafarta ta yi nisa, gida ya yi tsit.

Da farko haushi ya ji. Ya yi niyyar hawa da hannu, ƙasa ta gutsuro ta cika masa ido. Ya zauna. Sama ta koma kamar faifai, ƴar ƙarama, fara fat. Zafi ya taso daga dutsen ƙasa. Wani rairayi ya riƙa zubowa daga gefe a hankali, ba ya tsayawa, yana sauka a kafaɗarsa. Igiya na kan cinyarsa a tare, ya kama ya ja ba da saninsa ba, babu kowa a ɗaya bakin. A nan tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ba don kansa ba, ya san tsohuwa ba za ta bar shi ya mutu da kazarta a riga ba. Gaba huɗu ne wannan. Illa na gaba goma sha takwas.

Ta bar shi daidai gwargwadon yadda ya bar ta jiya, kamun bijimi da bayanin kamun bijimi. Sannan wata igiyar ta sauko, wannan karon a ɗaure tam.

Ya fito fari fat da ƙura. Ta karɓi kazarta ta duba ta tukuna, sannan ta ba shi ruwa, ta nuna masa tabarma a inuwa. Ba ta yi dariya ba, ko da yake haƙoran nan uku sun so leƙowa.

"To, mi kag gani?"

Da ƙyar ya ce, "Kin ja, ina wajen bijimi."

"Na ja."

"Goggo, makamniya ta hwa. Da ya tattake ta."

"Da ya tattake ta. Maza goma na tsaye, kai ɗai kat tashi. Wanga ma na gani, kuma shi na halinka na gaskiya, kak ka bari kowa shi raina ma shi. Zuciyakka ta kowa ta, Tukur. Kunnenka na kowa na. In an yi gobara kai nika son gani hwarko. Amma igiya mutum taka so wanda duniya za ta ƙone bayanai bai waiwaya ba. Kai ko kaza tay yi tari sai ka ji dalili."

"Sake gwada ni."

"Yanzu ka san ina kallo. Za ka riƙe min har gobe, don ni. Rami ba shi kallo."

"To mutum ba shi sakewa?"

"Shina sakewa. Ba cikin kwana ukku ba, kuma ba bisa kan wanka za ka koyo ba."

Ya murza bakin rigarsa. Sannan ya yi tambayar da ke cinsa tun a rami. "Mi za ki ce ma Yaya?"

"Ba komi. Ba shi tambaya, ni ko ba ni hwaɗi. Abinka na, ɗauki ka tahi da shi."

Kwana uku suka rage a koma aiki. Tukur ya fita daga gidan da kaya mai nauyi, kuma abin da ya ƙara masa nauyi shi ne babu wanda ya san yana ɗauke da shi. Duk inda ya bi sai a ce mai igiya, sannu. Ya amsa. Ya ce a ransa ai yanzu ya gane, wanda ya gane kuma ya warke. Zai ɗaura igiyar a wuyan hannu, ya toshe kunne da auduga.

Har gwaji ya yi a gida. Ya ɗaure akuya a bayan ɗaki, ya zagayo da igiya ya zauna a tsakar gida da auduga a kunne, a kan duk motsin da ta yi zai ƙirga. Ya ƙirga sha ɗaya. Sai ya ga Kaltuma da maƙwabciya a bakin danga suna magana suna kama baki. Bai ji komai ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Ya zare auduga ɗaya, ɗaya tak. Da ya waiwaya, akuya ta tsinke tana cin dangar maƙwabta, igiya na ɗaure a hannunsa lafiya lau.

Ranar komawa aiki gari ya taru bakin rijiya. Liman ya yi addu'a aka shafa. Goggo Jaratu na can gefe kan ɗan dutse tana kaɗi, kamar wadda ta zo shan iska. Illa ya tuɓe riga, ya ɗaura maɗauri a ƙugu, ya rataya dagi. Mutum ne marar yawan magana, gashin kansa ya soma fari. Bai dubi tsohuwa ba, bai tambayi ƙanensa me aka ce ba. Ya ɗauki igiya ya sa masa a hannu, ya juya ya zura ƙafa ɗaya a rami.

Wannan ne ya karya Tukur. Da an tambaye shi, da ya san yadda zai yi da tambaya.

"Yaya, dakanta."

Illa ya waiwayo.

Mai hankali da sai ya ja wansa gefe ya raɗa masa. Tukur bai taɓa iya raɗa ba. A gaban Liman da Maiguwa da matarsa da Sabuwa mai fura ya ce, "Na saki. Goggo ta ja sau ukku ina wajen bijimi. Kahin bijimi ma ƙarƙashin ƙahwa ta take. Kak ka ba ni."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, saura suka bi. Kaltuma ta ja mayafi ta rufe fuska, tana tuna zakaranta. Illa bai yi dariya ba. Ya fito da ƙafarsa, ya zare igiya daga hannun ƙanensa a hankali, ya duba cikin taro.

"Alƙasim, mi tac ce ma?"

"Ta ce riƙe," in ji Alƙasim.

Illa ya miƙa masa, ya sauka. Ko kallon Tukur bai sake yi ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Tukur ya so ya tafi gida ya rufe ɗaki. Ya yi taku goma ya waiwaya, sai ya ga abin da ya tsayar da shi. Mutane sun yi wa Alƙasim zobe. Wannan na tambayarsa yadda ya ji, wancan na leƙa rami ta kan kafaɗarsa, Ɗanasabe ya tsuguna dab da kunnensa ya soma labarin jar hula. Alƙasim bai ɗaga kai ba, amma sabo ne, gumi ya keto masa. A duk Tabotaki babu wanda ya kai Tukur sanin abin da ke raba hannu da igiya.

Ya je gindin wani gawo, taku arba'in daga rijiya, ya ɗaga murya.

"Wa ka son jin yadda tsohuwa tas sa ni rami da kaza cikin riga?"

Kafin ka ce me, bakin rijiya ya koma daga Alƙasim sai masu ja. Tukur ya ba da labarin duka, bai rage wa kansa komai ba, ya yi muryar Goggo tana yin muryarsa. Mutane suka yi ta riƙe ciki. Da ya ƙare suka ce a sake, ya sake, ya ƙara da akuya. Goggo Jaratu ta tattara audugarta ta wuce gida tana girgiza kai.

Haka ya yi ta yi kullum har kwana goma sha tara. Sunan mai kaza ya bi shi, har Deule da Ibohamane an ji, kuma yana jin zafinsa, ba wai ba ya ji ba. Tsakaninsa da Illa kuwa daga ina kwana sai lafiya lau.

Ranar da laka mai ɗanshi ta fito a kwando, da la'asar aka jawo Illa, jikinsa duk yumɓu. Mata na guɗa, maza na miƙa masa hannu. Ya ratsa su ya nufi gindin gawo, ya zauna kusa da ƙanensa, ya ɗauki butar Tukur ya sha.

"Can ƙasa ba ni jin abin da kaka hwaɗi," in ji shi. "Dariya ɗai nika ji, nesa. In na ji ta nesa, na san ba kowa kusa da igiya, sai in duƙa in yi aikina." Ya goge baki da bayan hannu. "Shekaranjiya ka yi shiru da azahar. Na aje dagi har kas soma."

Tukur ya buɗe baki. Mutane suka matso, don sun saba in ya buɗe baki akwai abin ji. Hawaye ne suka zubo masa.